Aikin mai riƙe da sanda

Jiya bayan mun tashi atisaye ka ce mini, "Maigida, wanda ke tsayawa gaban makaɗa yana kaɗa sanda, ba ya busa, ba ya kiɗa, kuɗin me yake ci?" To zauna, ɗana.

An yi wani Bajamushe, Hans von Bülow, haifaffen Dresden a 1830. Gwanin fiyano ne, amma ba wannan ya sa na kawo shi ba. A 1880 sarkin Meiningen, Georg na biyu, ya damƙa masa makaɗan fadarsa. Garin ɗan mitsitsi, makaɗan ba su cika hamsin ba. Ragama duk tana hannunsa: shi ke zaɓen abin da za a kaɗa, shi ke sa ranar atisaye, shi ke fita da su garuruwa, sannan ya ɗauki sanda.

Ka tuna ranar da na raba ku, masu ƙaho gefe, masu ganga gefe, kuna ta gunaguni? Haka Bülow ya riƙa yi. Masu goge su kaɗai, masu busa su kaɗai, a yi ta maimaita gaɓa ɗaya har ta zauna, sannan a haɗu. Ya sa su kaɗa a tsaye, wani kiɗan ma da ka, ba takarda a gaba. Wanda ya haddace ba ya sunkuyar da kai, idonsa na kan mai sanda, ɗaga yatsa kawai ya isa a sassauta ko a ƙara wuta. Abin da ka gani a dandali ƙarshen aiki ne, an gama dafa shi a ɗaki.

Kafin ya bar su a 1885, makaɗan ɗan garin nan sun kaɗa a Berlin da Vienna, manya sun sara musu. A shekarar ne ya ɗauki wani ɗan shekara 21, Richard Strauss, wanda daga baya ya shahara wajen tsara kiɗa, ya zama mataimakinsa. Bülow kuwa harshe gare shi kamar aska, wannan kada ka koya.

A 1887 ya karɓi makaɗan Berlin Philharmonic. Can kam dillalin wasanni Hermann Wolff ne ya ɗauke masa shirya taro da sayar da tikiti. Ciwo ya kai Bülow Alkahira neman lafiya, ya rasu a can a 1894.

Gobe ka zo ba takarda, kai za ka tayar da masu ƙaho.