Alhaji, Sauke Allon Tukuna, Sannan Ka Bi Kuɗinka

Wani ɗan kasuwa mai shago kusa da Kasuwar Dole a Damagaram ya aiko da tambaya. Ya daɗe yana sayar da burodi da sunan wani kamfani na Kano, yana ba su kaso duk wata, har yarjejeniyar ta ƙare cikin saɓani. Yanzu sun rubuto masa cewa ya daina amfani da sunansu, alhali suna riƙe da kuɗin ajiyarsa, ga kuma ledoji masu tambarinsu jibge a sito. Shin zai iya ci gaba har sai sun biya shi?

Alhaji, ban ba ka shawarar haka ba. Sunan nan aro aka ba ka, kuma ranar da yarjejeniya ta ƙare, izinin ya ƙare tare da ita, ko da kuwa kai ne ka sha wahalar tara masu saye. Bashin da kake bin su magana ce daban. Idan ka riƙe allonsu a matsayin jingina, kai mai bin bashi za ka koma wanda ake ƙara, har a nemi diyya a wurinka. Sauya harafi ɗaya a sunan, a bar launi da zanen yadda suke, ba ya fitar da mutum, domin abin da alƙali zai duba shi ne ko mai saye zai iya ruɗewa.

Akwai abin da ya kamata lauyanka ya bincika. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI, mai yi wa tambura rajista a madadin ƙasashen, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, amma Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka rajistar da aka yi wa tambari a Nijeriya kaɗai ba ta ƙetaro iyaka da kanta. Idan kamfanin bai yi rajista a OAPI ba, wannan zai ƙara maka ƙarfi wajen sasantawa, sai dai bai goge sa hannunka a yarjejeniyar ba, kuma dokar hana gasar rashin gaskiya tana nan.

Ka karanta takardar yarjejeniyar da kyau: wa'adin da aka ba ka na sayar da ragowar kaya, ko an hana ka irin wannan sana'ar na wani lokaci, da kuma inda aka ce a kai ƙara, kotu ko masu sulhu. Ka sauke allon, ka ɗauki hotonsa, ka ƙirga ledojin a gaban shaidu, sannan ka nemi kuɗinka a rubuce tare da tayin su sayi ledojin. Sabon sunan da za ka zaɓa kuwa, ka yi masa rajista a OAPI. Rajistar tana aiki shekara 10, ana kuma sabunta ta.