Tafkin Kainji, takobin "Mungo Park" da sauran tambayoyinku

Tambaya: Kawu, ina da hutun kwana biyar, ina so in ɗauki iyali a motata mu ga wuraren tarihi na bakin Tafkin Kainji. Ta ina zan fara? — Magidanci daga Zariya

Amsa: Ɗana, ka fara cire maganar zagaye tafkin daga ranka. Tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma ɓangaren yamma, wajen Agwara da dajin Gandun Kainji, ba inda zan tura mutum da mata da yara ba ne a wannan zamani na 'yan bindiga. Ka yada zango a Kontagora, garin da Umaru Nagwamatse jikan Shehu Ɗanfodiyo ya kafa, ka ga fadar Sarkin Sudan. Washegari ka nufi Yelwa. Kafin ka shiga gari ka nemi wanda zai raka ka Bin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarautar Yauri, inda sauran ganuwa ke nan. Kada ka sa ran ganin irin badalar Kano, tudun ƙasa ne da ruwan sama ya zaizaye, sai mai bayani ya nuna maka sannan idonka zai gane.

Abin da ya fi burge ni shi ne Sabuwar Bussa, can kudu kusa da madatsar. An fara ginin dam ɗin a 1964 zamanin Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum sama da 40,000. Wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, shi ya tsara musu sababbin gidaje. Ya kwaikwayi tsarin gidan gargajiya da zaure da tsakar gida, amma da bulon siminti da rufi mai lanƙwasa. Ka tsaya ka dubi yadda masu gidajen suka yi ta ƙara ɗakuna a gefe bisa bukatarsu. Nan za ka ga inda tunanin mai zane ya tsaya, na masu kwana a ciki ya ɗora. Ka cika tanki a babban gari, ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kowace safiya, kuma la'asar ta same ka a masauki.

Tambaya: Wani mai kwalekwale ya ce in ba shi kuɗin mai da na wahala zai kai ni in hango fadar tsohuwar Bussa a ƙarƙashin ruwa. In biya? — Ɗalibi daga Minna

Amsa: Ginin laka ne ya shekara sama da 50 a cikin ruwa. Me kake zaton za ka hango? Riƙe kuɗinka ka ci kifi.

Tambaya: Kawu, wani dillali ya kawo mini takobi da wasu tsabar ƙarfe, ya rantse cewa masunta ne suka tsamo su inda jirgin Mungo Park ya kife. Ya yi tsatsa sosai. Ya ce naira 450,000, har ya sauko 300,000. Ina so in rataye a falo. — Alhaji daga Kaduna

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma ka zauna mu yi magana, don wannan wasiƙar ce ta hana ni barci.

Mungo Park, Baturen da ya zo binciken Kogin Neja, ya mutu a gangaren ruwan Bussa a farkon 1806. Shekara 20 bayan haka wani Bature matafiyi, Kilafaton, ya ratsa ta wurin yana neman kayansa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo, suka hau har Yauri musamman don neman takardunsa, ba su samo abin kirki ba. Waɗannan mutane sun zauna da sarakuna, sun yi kyauta, sun yi roƙo, a lokacin da waɗanda suka ga abin da idonsu ke raye. Yau kuma, bayan shekara 200 da ɗoriya, bayan tafki ya binne wurin gaba ɗaya, sai ga takobin a buhun dillali yana neman falonka a Kaduna?

Tsatsa ba shaida ba ce. Maƙeri zai ƙera takobi ranar Litinin, a jiƙa shi da ruwan gishiri ko ruwan batir, a binne a danshin bayan gida mako uku, a rataye shi inda hayaƙin murhu ke bugunsa, ya fito kamar ya ga zamanin Nagwamatse. Ka duba wajen ƙota: in ka ga alamar walda ko sawun injin gurza, an gama magana. Ni kaina na taɓa sayen wata 'yar buta ta tagulla da aka ce mini ta gidan sarauta ce. Da yarinyata ta goge gindinta da toka sai ga lambar kamfani. Tana nan har yau muna zuba goro, ina kallonta ina tuna wautata.

Sauƙin farashin ma ya isa ya farkar da kai. Wanda ke riƙe da abin da babu irinsa a duniya ba ya yafe 150,000 a zama ɗaya. Da ka miƙe ka kama hanya, zai biyo ka da 80,000.

To mu ce ma na gaske ne. A nan ka fi shiga uku. Dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi. Wato in jabu ne an cuce ka, in sahihi ne ka taka doka, ka kuma taimaka wa masu haƙe kufai da kaburbura suna wawashe tarihin mutane. Ta kowace fuska babu riba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke kashe kuɗi a tafiya. Mutum zai tsaya ja-in-ja da dattijon da ya yini yana zagayawa da shi ganuwa a kan naira 2,000, zai hana dogarin fada ɗan abin goro, zai ɗora iyalinsa a kan tayoyi 'yan gwanjo da suka sha faci, sannan ya zaro dubu ɗari uku don ƙarfen da zai nuna wa baƙi. In ado kake so, je wurin maƙera ka ce a ƙera maka sabo da kube mai kyau, ka biya kuɗin aikinsa, ka ce wa kowa sabo ne. Sauran kuɗin ka canja taya.

Tambaya: Kawu, makarantarsu 'yata za ta kai su ganin dam, an ce har da shiga jirgin ruwa. Ita kaɗai gare ni, tun da aka faɗa ban iya cin abinci ba. In hana ta? Ko in saya mata rigar kariya? Na ga wata mai araha a kasuwa. — Uwa daga Birnin Kebbi

Amsa: 'Yata, tsoronki yana kan hanya, kada kowa ya ce miki kin cika fargaba. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka tsira. Lodi fiye da kima ne ke jawo yawancin irin wannan, sai tafiyar dare, sai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun lokacin da aka cika tafkin.

Ki je makarantar da kanki ki yi tambaya uku: yara nawa a jirgi ɗaya, ƙarfe nawa za su shiga, kuma akwai riga ga kowane yaro? In aka fara kame-kame, ta je ta ga dam daga tudu, ba ta rasa komai ba. Rigar kuwa, ki guji wadda ake hurawa da baki, ta wasan yara ce. Ki nemi mai soso mai tauri a ciki, mai maɗauri da ƙulli, da abin da ke tallafe wuya, wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka. Ki sa mata, ki ɗaure, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga. In ta zame ta haye kunnuwanta, ta yi mata yawa. Ki matsa sosan da hannu, in ya lotse bai dawo ba, tarkacen katifa ne aka cusa. Allah ya kai su lafiya ya dawo miki da ita.

Tambaya: Zan sayi ƙaramin jirgi mara matuƙi don in ɗauki hoton dam ɗin daga sama. Wane iri ya fi? — Mai ɗaukar hoto daga Kano

Amsa: Babu. Tashar wutar lantarki ce ta ƙasa, da jami'an tsaro, ga barikin soja a Wawa, ga sansanin sojan sama a Kainji. Ko da waya ma sai ka nemi izini a ƙofa kafin ka ɗaga. Ka rubuta wa masu kula da tashar tun kafin ka taso, in sun yarda su haɗa ka da mai rakiya. Hoton da za ka ci kuɗinsa yana bakin ruwa a Yelwa da sassafe, lokacin da Sarkawa ke shigowa da kifi, kuma su ma ka gaishe su ka tambaya tukuna.