Me ya haɗa falsafa da farashin gero?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digirin farko a fannin tattalin arziki a nan Sakkwato, kuma ina son binciken digirina na biyu ya taɓo falsafa da siyasa, amma abokaina suna cewa falsafa zance ne kawai, lissafi shi ne ilimi. Shin akwai bincike na gaske a wannan mahaɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai shi, kuma ba yau aka fara ba, domin Jami'ar Oxford ta Ingila tun 1920 take koyar da fannonin uku a matsayin digiri guda.

Misalin da na fi ba ɗalibai shi ne aikin Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya karɓi kyautar Nobel a 1998. Da ya binciki yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a yankin Bengal na Indiya a 1943, sai ya nuna cewa abinci bai ƙare a ƙasar ba. Farashinsa ne ya yi tashin gwauron zabo, ladan ɗan ƙwadago kuwa bai bi shi ba, har mutum ya mutu da yunwa alhali buhunan shinkafa suna kasuwa. Daga nan ya tambayi abin da ya hana masu mulki motsawa, ya kuma lura cewa babbar yunwa ba ta aukuwa inda ake zaɓe na gaskiya da 'yancin jarida. Tambayarsa ta ƙarshe, wato mene ne talauci, rashin kuɗi ne ko rashin ikon yin rayuwar da mutum yake ganin ƙimarta, falsafa ce tsantsa.

Haka batun tallafin man fetur da aka cire ranar 29 ga Mayu, 2023. Lissafi zai faɗa maka nawa gwamnati ta rage kashewa da nawa kuɗin mota daga Sakkwato zuwa Illela ya ƙaru, amma ba zai faɗa maka ko adalci ne ɗan kabu-kabu ya ɗauki nauyin gyaran ba. Abokanka ma, duk sanda suka ce wani tsari "ya fi", sun yi hukuncin falsafa ba su ankara ba.

A gida kuwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki jangali da gaisuwar da ake kai wa sarakuna a littafinsa Kitabul Farƙ, inda ya auna haraji da ma'aunin halaccin mulki. Abin takaici, ɗalibanmu na tattalin arziki sun bar wa 'yan sashen tarihi da Larabci waɗannan rubuce-rubuce.

Shawarata, kada ka rubuta babi uku, kowane fanni da nasa. Ka ɗauki tambaya ɗaya ƙarama, kamar kuɗin shiga da ake karɓa a Kasuwar Kara, ka zauna da dillalan shanu da masu yankar rasit, ka ji nawa ake biya, wa ke yanke adadin, kuma wane haraji ɗan kasuwa yake biya ba tare da ya ji an ƙware shi ba.