Amsoshin Tambayoyinku: Muhimman Alƙaluma da Kuɗin Shago

Wani matashi daga unguwar Asawase a Kumasi yana tambaya ko ya sayi sabuwar kwamfuta a Adum, domin tsohuwar tana nuna masa 0.30000000000000004 idan ya tara 0.1 da 0.2. Riƙe kuɗinka. Sabuwar ma haka za ta nuna, saboda kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma 0.1 ba ya zama cif a wannan tsari.

Wata ɗaliba a jami'ar KNUST ta rubuto cikin damuwa cewa malaminta yana son muhimman alƙaluma uku, amma da ta sa round(0.0004567, 3) a Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, sai 0.0 ya fito. Kwantar da hankalinki, 'yata, lissafinki bai ɓaci ba. Umarnin round gurabe yake ƙirgawa bayan ɗigo, alhali ana fara ƙirga muhimman alƙaluma ne daga lambar farko da ba sifili ba. Ki rubuta format(x, '.3g'), inda x ita ce lambar taki, za ki sami 0.000457. Sai dai yana zubar da sifilin ƙarshe, don haka idan 2.50 ake so, '#.3g' za ki sa. Kada ki yanke lamba sai bayan kin kammala lissafi gaba ɗaya.

Wasiƙar da ta ɓata mini rai ita ce ta wani Alhaji mai sari a Kejetia, wanda rasit ɗinsa ya nuna 1.23e+04, wato 12,300, a maimakon sidi 12,345, yana tambaya ko ya ƙara biyan yaron da ya rubuta masa manhajar domin ya gyara. Alhaji, da girmanka, kada ka ƙara ko pesewa ɗaya. Yaron ya kwaso dabarar ɗakin gwaje-gwaje ta yanke lamba zuwa muhimman alƙaluma uku daga intanet ya ɗora a kan ciniki, sidi 45 ta salwanta a rasit guda. Wannan ɗabi'a ta neman araha ta ishe ni: mutum zai kashe dubbai a kan fenti da allon shago, amma abin da zai riƙe masa lissafin dukiya sai ya miƙa wa duk wanda ya fi sauƙin farashi, ba gwaji, ba yarjejeniya a rubuce. Ba a taɓa yanke kuɗi da muhimman alƙaluma. Ana ajiye su ne a matsayin cikakken adadin pesewa, ko kuma da Decimal, tsarin Python mai ajiye lamba kamar 0.1 cif, a nuna gurbi biyu bayan ɗigo. Kafin ka biya kowa, ka sa shi ya shigar da 12,345.50 da 0.05 a gabanka, ka duba jimillar da kalkuletarka.