Malam, ya halatta in riƙa yin yoga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaciya ce, wuni nake a zaune gaban kwamfuta, ciwon baya ya sa ni gaba tun haihuwata ta biyu, sai likita ya ce in gwada yoga. Ina bin wata mata a YouTube kuma gaskiya na ji sauƙi, amma tana cewa a rufe ido a ce "om", akwai kuma wanda take kira gaisuwar rana da ake yi da sassafe. Sannan kullum maganarta a daina tseren neman duniya a koma gyaran zuciya, har na fara jin kamar in ajiye aikin. Dan Allah mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa Allah ya ba ki lafiya, kuma kin kyauta da kika tambaya tun abin bai yi nisa ba.

Yoga daga Indiya ta fito, sunan daga harshen Sanskirit ne, ma'anarsa haɗawa, kuma a wajen masu ita na asali hanya ce ta ibada da neman tsira ta ruhi, motsa jikin wani yanki ne kawai a ciki. Daga baya ta bazu duniya a matsayin atisaye, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni a shekarar 2014. Toh shi ya sa ba za a yi mata kuɗin goro ba, sai an rarrabe.

Miƙe jiki, lanƙwasa baya, jan numfashi a hankali a sake shi, waɗannan al'ada ce, asalin al'ada kuwa halacci ne sai in dalili ya hana. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya ce wa Abdullahi ɗan Amru "lallai jikinka yana da haƙƙi a kanka". Ki shimfiɗa tabarmarki a ɗaki ki yi abin da ke warware miki baya, babu komai, in a waje ne ki kula da sutura kuma ban da cakuɗuwa da maza.

Amma "om" ɗin nan ki bar shi kwata-kwata, lafazi ne mai tsarki a addinin Hindu wanda suke buɗe addu'o'insu da shi, ba ya gyara ƙashin baya, in mai bidiyon ta zo wurin ki wuce gaba. Gaisuwar rana ita ce ta fi damuna wallahi, sunanta Surya Namaskar, Surya kuwa abin bautarsu ne na rana, a haɗa tafin hannu a ƙirji a fuskanci gabas a sunkuya har ƙirji da goshi su kai ƙasa, Allah kuma ya ce a suratu Fussilat aya ta 37 kada ku yi sujada ga rana ko ga wata. Kin ga sallah ma da muke yi don Allah kaɗai an hana mu nafila daidai lokacin hudowar rana, kuma a hadisin Amru ɗan Abasa cikin Sahihu Muslim an faɗi dalili, a lokacin ne kafirai suke mata sujada. In sallah an matsar da ita saboda gudun kamanceceniya, ina ga jerin motsin da sunansa ma gaisuwar rana? Na yarda ke ba ki da wannan niyyar, amma ki bar jerin a yadda yake, ki nemi likitan gashin ƙashi ya tsara miki motsin da ya dace da bayanki.

Kusan wannan rarrabewar malaman Indonesiya suka yi a 2009, suka haramta mai ɗauke da ibadar Hindu suka bar ta motsa jiki zalla, majalisar fatawa ta Malesiya kuwa ta fi tsanantawa a 2008. Wanda ya bar ta gaba ɗaya don kiyaye addininsa ban ga laifinsa ba.

Maganar zuciya kuma, wannan kayan gidanmu ne 'yar'uwa, ba sai mun je aro ba. Annabi (SAW) ya ce wadata ba yawan abin duniya ba ne, wadata ita ce wadatar zuci, ya kuma ce Allah ba ya duban surorinku da dukiyoyinku, yana duban zukatanku da ayyukanku. Lura fa, ayyukanku ma suna ciki. Abdurrahman ɗan Aufu da ya iso Madina aka yi masa tayin rabin dukiya, cewa ya yi a nuna masa kasuwa, kuma yana cikin goma da aka yi wa bushara da aljanna. Don haka kar ki ajiye halal ɗinki saboda maganar mai bidiyo, sai dai in aikin ne yake cinye miki sallah ko haƙƙin yara da maigida, nan sai a zauna a duba. Nutsuwar da kike nema idan kin rufe ido, ki neme ta bayan sallar asuba kafin ki taɓa waya, minti 10 na azkar kina sane da abin da kike faɗa, ki tsawaita sujada kuma in bayan ya bari, in bai bari ba ki yi a zaune.

Wallahu a'alam.