Amsar tambaya kan ƙaramin kifin nan mai gina sheƙa

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ga bidiyon da kika turo, kina tambayar wane kifi ne wannan da yake ɗauke da ciyawa a baki, kuma me zai yi da ita. To, bari in yi bayani da baki, rubutu zai yi tsawo.

Turawan Ingila suna ce masa corkwing wrasse, masana kuma Symphodus melops. Kifin teku ne, na ruwa mai ɗan sanyi. Ana samunsa a gabashin tekun Atlantika, tun daga gaɓar Norway, a biyo ta Birtaniya da Faransa har Maroko, da kuma yammacin Bahar Rum. Ba ya shiga zurfi sosai, daga bakin gaɓa zuwa kamar mita 30 ne, inda akwai duwatsu da ciyawar teku mai kauri. Yawancinsu ba sa wuce santimita 15 zuwa 20.

Ki tsayar da bidiyon ki duba gindin wutsiyarsa, za ki ga ɗigo baƙi. Bayan idonsa ma akwai wani tabo mai duhu, a ɗan lanƙwashe. Leɓunansa masu kauri ne. Macen ruwan ƙasa-ƙasa ce, ba ta da wani ado, amma namijin, musamman lokacin ƙwai, sai ki ga kore da shuɗi da ja sun yi zane-zane a fuskarsa, gwanin sha'awa. Abincinsa ƙananan katantanwa da jatan lande da tsutsotsi, yana da haƙora a maƙogwaro da yake murƙushe ɓawonsu.

To, ciyawar nan da kika gani, gini yake yi. Daga wajen watan Mayu zuwa Yuli, namijin yakan zaɓi tsaguwar dutse, ya riƙa tsinko ciyawa da baki yana cusawa, yana dannawa da kai, har ta zama sheƙa kamar ta tsuntsu. Mata su zo su zuba ƙwai su yi tafiyarsu. Shi zai tsaya gadi, yana yi wa ƙwan fifita don ruwa mai iska ya ratsa su, yana korar duk mai son ci. Kuma ikon Allah, akwai wasu mazan da ba sa gini sam, kamanninsu sak na mace. Sai su lallaɓo lokacin da ake zuba ƙwai, su saki maniyyinsu, su gudu, su bar mai sheƙa da reno.

Abin da ke damuna, wallahi, shi ne kamun da ake musu. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka gano a Norway cewa irin waɗannan kifaye suna cinye ƙwarƙwatar da ke manne wa kifin salmon na kiwo. Yanzu miliyoyi ake kamawa da tarko ana zubawa a kejin kiwo, a Scotland ma ana yi. Shi kuwa mai gina sheƙar nan, kifi ne mai zaman wuri ɗaya, ba ya nisa da dutsensa. In aka kwashe manyan mazan daga wani yanki, ƙwan da suke gadi sun zama abincin wasu, kuma wurin zai daɗe bai farfaɗo ba. Shi ya sa Norway ta hana kamun a lokacin ƙwai, ta kuma ƙayyade girman da za a ɗauka.

Ki ƙara kallon bidiyon a hankali, Yaya, ina kyautata zaton za ki hango bakin sheƙar a tsakanin duwatsun. Sai an jima.