Suwic ɗinmu zai iya ɗaukar IPv6?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da sadarwar kwamfutoci a wani kamfani da ke Kakuri, Kaduna. Suwic ɗin da ke tsakiyar sadarwarmu, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu, Cisco Catalyst 3750 ne, kuma VLAN ɗinmu, wato sassan da muka raba sadarwar, sun kai talatin, kowanne da ƙofarsa ta rauting, wato ta tura saƙo daga wani sashe zuwa wani. Na ga saitinsa yana cewa ƙofofi 8 aka tsara masa, ga shi shugabanni suna so mu shigar da IPv6, sabon tsarin adireshin intanet. Shin sai mun sayi sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan lamba 8 da ta tayar maka da hankali ba iyaka ba ce. Mizani ne da aka yi amfani da shi wajen kasafta ma'ajiyar TCAM, wato wurin da suwic ke ajiye hanyoyi da adireshi domin ya tura saƙo nan take ba tare da ya tuntuɓi firosesa ba. Ƙofofi talatin za su yi aiki muddin ma'ajiyar ba ta cika ba. Idan ta cika, saƙonni sukan koma kan firosesa, sadarwa ta yi nauyi, ma'aikata su ɗora laifi a kan kamfanin da ke ba ku intanet alhali matsalar tana cikin ɗakinka.

Don haka kafin komai ka duba cikar ma'ajiyar da umarnin show platform tcam utilization. Tsawon adireshin IPv4, wato tsohon tsarin, bit 32 ne, na IPv6 kuwa 128, saboda haka kowace hanya ta IPv6 ta fi cin wuri, kuma wayar hannu ɗaya takan riƙe adireshi fiye da ɗaya a lokaci guda. Wannan suwic ba zai yi rauting na IPv6 ba sai ka sauya kason TCAM ɗinsa da umarnin sdm prefer dual-ipv4-and-ipv6 routing, sannan ka kashe shi ka kunna. Ka yi hakan daren Asabar, bayan ka adana saiti, inbata cike da caji, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar irin wannan aiki ba abin wasa ba ce.

Shugabanninka suna da gaskiya. Tun Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke raba adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar IPv4 da ke hannunta, kuma NAT da muke lallaɓawa da shi, wato dabarar sa na'urori da yawa su yi tarayya a adireshi ɗaya, faci ne kawai. Ka nemi babban rukunin adireshin IPv6 da ake kira /48 daga mai ba ku intanet ko daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshi a Afirka. Wannan rukuni zai ba ka ƙananan rukunoni da ake kira /64 har 65,536, ka ba kowane VLAN guda ɗaya. Kada ka yanka ƙasa da haka, domin SLAAC, tsarin da na'ura ke haɗa wa kanta adireshi, ba ya aiki sai da /64, kuma da shi wayoyin Android suke samun adireshi.

Ka bar IPv4 yana tafiya tare da sabon, ka fara da VLAN na ofishinka, ka sake duba TCAM bayan mako guda. Idan ta kusa cika, to lokacin sayen sabon suwic ya yi, kuma kana da lambobin da za ka kai gaban shugabanni.